Yawan milimita ba shi ke ƙara girman abu a hoton makro ba

Masu neman gilashin makro na kyamara, wato gilashin ɗaukar hoton ƙananan abubuwa daga kusa, sukan ɗauka cewa mai milimita 180 (lambar da ke nuna ƙarfin jawo nesa kusa na gilashi) zai fi mai milimita 60 fito da girman ƙaramin abu. Ba haka zancen yake ba.

Abin dubawa shi ne alƙaluman 1:1 da ke rubuce a jikin gilashin. Ma'anarsu ita ce, idan tsawon ƙwaro santimita ɗaya ne, to siffarsa za ta sauka kan farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara da tsawon santimita ɗaya cif. Ko 60 ne, ko 100, ko 180, muddin 1:1 ne, girman ƙwaron a hoto ɗaya ne.

Tazara ce aikin milimita. Da mai 60 sai ka matsa kusa ƙwarai, inuwar kyamara ta rufe abin, ƙudan zuman da kake hari ya tashi ya bar ka da fure. Mai 100 kuwa yakan bar maka kamar santimita 15 tsakanin bakin gilashi da abin, haske ya samu wurin shiga. Shi ya sa a ganina ya fi dacewa da mai farawa. Mai ɗaukar zobe ko tsabar kuɗi a kan teburi, 60 ya wadatar da shi, ga sauƙin kuɗi, ga rashin nauyi.

A kuma yi hattara da gilasan zuƙowa masu ɗauke da kalmar makro a jiki. Da yawansu 1:4 suke tsayawa, wato kashi ɗaya cikin huɗu na ainihin girman abin.