Ba Kowace Cutar Gona Murfi Biyu a Tanki Ke Warkarwa Ba

Damina ta kama, an sake dawo mana da tsohon wasan: a jera tankunan feshi da jarkokin magani a gaban kyamara, a ce an tallafa wa manoma. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da feshi maganin komai. Ka kai ganyen da ya yi rawaya wurin masu maganin gona a kasuwar Sabon Gari, kafin ka rufe baki an miƙo maka kwalba: "Alhaji, murfi biyu a tanki."

Alhali shuka tana da garkuwarta, kuma garkuwar ta rataya ne a kan shige da fice tsakanin ƙwayoyin halittarta. Da cuta ta taɓa ganye, sai shukar ta rufe ƙofofin numfashinta, ta toshe 'yan hanyoyin da ke haɗa ƙwaya da ƙwaya, ta tara sinadarin salisilik, ɗan uwan asfirin ɗin da muke sha. Sannan saƙo ya bi jijiya, sauran ganyaye su zauna cikin shiri.

Ita ma cutar ta san gari. Bakteriyar da ke ƙona ganyen shinkafa tilasta wa shukar take yi ta buɗe ƙofofin sukarinta, waɗanda masana ke kira SWEET, ta miƙe ƙafa tana sha. A 2019 masu bincike suka sauya makullin ƙofofin nan, shinkafar ta daina ciyar da ɓarawonta.

Kanawa ba sa bukatar a ba su labari. A 1975 cutar rozet, wata cutar bairos da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye gyaɗar Arewa, daga nan dalar gyaɗa ba ta sake tashi ba. Za a ce ai feshi yana kashe darɓa. To, ya kashe. Wane feshi ne zai bi bairos ɗin da ya riga ya shiga jijiya? Irin SAMNUT mai jure cutar, na cibiyar bincike ta Samaru, shi ya sa manoma suka sake waiwayar gyaɗa.

Amma iri ba ya kyau a hoto, kuma ba a samun la'ada a ɗakin gwaji. Shi ya sa ake ta sayo jarka. A yanki ko da kaɗan ne daga kuɗin nan a ba masu bincike na Jami'ar Bayero da Samaru, a kuma kai irin har gonakin Kura da Kadawa kafin a yi shuka.