Yaron da Ba a Rubuta Sunansa Ba: Nasiha ga Matasan Ikilisiya

'Yan'uwana matasa, maza da mata, musamman ku da kuke koyarwa a makarantar Lahadi, da ku da ake ba wa biro da littafi a ranar da za a rubuta sunayen yaran da za a ɗauki nauyinsu, ina so mu yi magana a kan yaran da suke juyawa su koma gida a wannan rana ba tare da an rubuta su ba. Ana yawan ba da shaida a majami'a game da yaron da Allah ya haɗa shi da mai ɗaukar nauyi daga ƙasar waje, ana tafi, ana rera waƙar godiya, kuma hakan daidai ne. Amma a kan bencin da yaron yake zaune akwai wasu yara uku ko huɗu waɗanda talaucin gidajensu bai gaza na gidan yaron ba, wani ma ya fi, kuma ba a cika tambayar wanda zai amsa a kansu ba.

Ya kamata mu san asalin wannan tsari kafin mu yabe shi ko mu kushe shi. A shekarar 1938 wani fasto ɗan Amurka mai suna J. Calvitt Clarke ya kafa asusun taimakon yaran ƙasar Sin da yaƙi ya ɗaiɗaita, wanda daga baya ya zama Christian Children's Fund, kuma tun 2009 ake kiransa ChildFund. Bob Pierce ya kafa World Vision a 1950, sannan Everett Swanson ya fara aikin da ya zama Compassion International a 1952, bayan ya ga halin da marayun yaƙin Koriya suke ciki. Dabarar ɗaya ce a wurinsu duka: maimakon a ce wa mai bayarwa ya taimaki dubban yaran da bai sani ba, sai a ba shi hoton yaro guda da sunansa da shekarunsa, ya riƙa biyan wani abu kowane wata, wanda a wannan zamani ya kai kimanin dala 40, yana rubuta wa yaron wasiƙa, yaron yana mayar da amsa. A Yammacin Afirka Compassion tana aiki ta hannun ikilisiyoyi a Gana da Burkina Faso da Togo, World Vision kuma tana Nijar da Gana da Chadi, yayin da a arewacin Nijeriya aka fi ganin irin wannan tsari a hannun gidajen marayu da ƙananan ƙungiyoyin mishan da suke da abokai a Turai da Amurka.

Ba na cikin masu cewa abin yaudara ne, kuma ina jan kunnenku kada ku shiga sahun masu raina alheri don kawai bai game kowa ba. A 2013 wani masanin tattalin arziki mai suna Bruce Wydick na Jami'ar San Francisco, tare da abokan aikinsa biyu, ya wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan mutum fiye da 10,000 a ƙasashen Yuganda, Kenya, Indiya, Filifin, Boliviya da Gwatamala. Sun gano cewa waɗanda Compassion ta ɗauki nauyinsu suna yara sun yi karatun da ya zarce na takwarorinsu da shekara 1 zuwa kusan shekara 1 da rabi, sun fi kammala sakandare, kuma sun fi samun aikin albashi. Sai dai ku lura da hanyar da aka bi aka auna wannan amfani, domin a nan darasinmu yake: an kwatanta yaran da aka ɗauka da yayyensu na gida ɗaya waɗanda shekarunsu suka haura ƙa'ida a lokacin da shirin ya iso garinsu. Wato hujjar da take nuna cewa shirin yana da amfani ita ce kuma take nuna abin da yaron da aka bari ya rasa. Kowace shekarar karatu da ƙanen ya samu ta ƙari, shekara ce da wansa bai samu ba, alhali uwa ɗaya ta haife su, tukunya ɗaya ta ciyar da su.

Dalilan da suke sa a bar yaro a waje galibi ba mugunta ba ce. Adadin guraben yana bin adadin masu bayarwa ne, ba adadin mabukata ba. Akwai ƙa'idar shekaru, domin an fi son a ɗauki yaro yana ƙarami, akwai iyakar yaran da za a ɗauka daga gida ɗaya, sannan ana son gidan yaron ya kasance kusa da cibiyar da zai riƙa zuwa. Waɗannan ƙa'idoji suna da hikimarsu, amma idan aka haɗa su sai ka tarar suna tace mutane ta wata irin hanya da ba wanda ya yi niyya. Uwar da take zuwa sujada kowace Lahadi, tana cikin Zumuntar Mata, ita ce za ta fara jin sanarwa. Gwauruwar da kunyar tsummokaran jikinta ta sa ta daina zuwa majami'a ba za ta ji ba sai an gama. Yarinyar da take talla tun safe, da yaron da aka tura kiwo, da gurgu ko kurman da iyayensa suke ɓoye shi a ɗaki, da 'ya'yan 'yan gudun hijirar da suka sauka a gefen gari ba su da ko takardar haihuwa, duk waɗannan su ne suka fi bukata, kuma su ne ƙafarsu ba ta kawo su wurin layi.

Abin da yake biyo baya a cikin gida ma ba ƙarami ba ne. Yaro ɗaya yana da inifom sabo, da takalmi, da wasiƙa mai hoton Bature, da kyautar ranar haihuwa, ana kai shi asibiti idan ya yi zazzaɓi, 'yan'uwansa kuwa suna kallo. Mun karanta a Farawa sura 37 abin da riga guda ta jawo a gidan Yakubu, kuma ba sai an yi mana dogon bayani ba, mu da muka san yadda 'yan uba suke ƙirga ko yankan nama. Wannan suka ba sabuwa ba ce, domin tun 1982 mujallar New Internationalist ta Ingila ta fito da ita fili, kuma irin wannan damuwa na cikin abin da ya sa World Vision da wasu suka koma tara kuɗin masu bayarwa wuri ɗaya ana yi wa yankin gaba ɗaya aiki, kamar rijiyar burtsatse da ajin makaranta da ɗakin shan magani. Gyara ne mai kyau, amma shi ma yana da iyaka, tunda yankin aiki yana da kan iyakarsa, kuma ƙauyen da yake tsallaken rafi yana nan yadda yake.

To, ga inda maganata ta fi nauyi, kuma ina yin ta ne ga wanda biro yake hannunsa. Idan an ba ku gurbi 50 alhali mabukata sun kai 200, kowane suna da kuka rubuta don sanayya kun cire sunan wani ne da hannunku, ko da ba ku taɓa ganin fuskarsa ba. Ɗan dattijon ikilisiya da yake da gona da babur, da 'yar ƙanwar matar fasto, da yaron wanda ya yi muku alheri bara, ba su zama mabukata don suna kusa da ku ba. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta kira nuna bambanci tsakanin mai zoben zinariya da mai tsummoki zunubi, ba ta kira shi rauni ko kuskure ba. Haka nan rubuta yaro a matsayin maraya alhali ubansa yana raye, ko cire masa takalmi a sa masa yagaggiyar riga kafin a ɗauki hoto, ƙarya ce da ake koya wa yaro tun yana ƙarami, kuma ranar da asiri ya tonu ba mai ƙaryar ne kaɗai zai sha ba, gurbin garin gaba ɗaya za a rufe. Na san matsin yana da ƙarfi, domin ba abu ne mai sauƙi ba matashi ya dubi dattijon da ya yi masa baftisma ya ce masa a'a. Shi ya sa bai kamata mutum ɗaya ya riƙe rajista ba. A kafa ƙa'ida a karanta ta a gaban jama'a kafin a fara, a shiga gida-gida a gani da ido, a sa mata cikin masu zaɓe, domin su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba jiya.

Ikilisiyar farko ta gamu da wannan matsala, kuma yadda ta warware ta ya isa a yi nazari. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu ƙorafin ba su da godiya ba, ba su kuma ce su yi haƙuri abin bai isa ba. Sun tara jama'a, suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida aka danƙa musu aikin, kuma duk wanda ya duba sunayen nan bakwai, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas, zai ga sunayen Helenanci ne. Alama ce cewa an miƙa rabon ga ɓangaren da aka tsallake. Idan uwa ta zo tana kuka cewa an bar ɗanta, kada ku kira ta mai hassada. Ku zaunar da ita, ku saurare ta, wataƙila ma ita ce ya kamata ta shiga kwamiti.

Akwai kuma ɗan maƙwabci wanda ba Kirista ba ne. A unguwanninmu, daga Jos zuwa Maraɗi zuwa zangon Kumasi, yunwa ba ta tambayar addinin yaro, kuma almajirin da yake tsaye a ƙofar gida da ƙoƙo shi ma yaro ne da ba a rubuta ba. Idan shirin da kuke aiki a ciki yana koyar da Littafi Mai Tsarki, ku faɗa wa iyaye haka ƙarara tun farko su yanke shawara da saninsu, kada ku ɓoye, kada kuma ku mai da abinci ko kuɗin makaranta tarkon sauya addini. Alherin da aka ɗaura masa sharaɗi a ɓoye yana zubar da mutuncin bishara, yana kuma iya kunna wutar da za ta cinye zaman lafiyar unguwa.

Kada kuma mu manta cewa taimakon da yake zuwa daga nesa yana iya yankewa dare ɗaya. A watan Maris na 2017 Compassion ta rufe aikinta a Indiya bayan shekara 48, saboda gwamnatin ƙasar ta toshe hanyar shigar kuɗinta, kuma yara kimanin 145,000 suka wayi gari ba su cikin shirin. Daga wannan rana bambancin da yake tsakanin yaron da aka rubuta da wanda ba a rubuta ba ya kau, abin da ya rage musu duka shi ne iyayensu da maƙwabtansu da ikilisiyoyin garinsu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ikilisiyar da ta saba jiran wasiƙa daga ƙetare kafin ta sayi fensir ga maraya ta manta da nata gatarin.

Saboda haka ina roƙonku ku buɗe littafi na biyu, wanda ba za a aika da shi ko'ina ba, ku rubuta sunan duk yaron da aka mayar da kuma wanda bai ma zo ba, ku kai shi gaban dattawa a matsayin nauyin ikilisiya. Kada girman bukatar ya karya muku gwiwa, domin abin da yake korar yaro daga aji sau da yawa ƙarami ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a Nijeriya, amma inifom da takalmi da littattafai da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ba kyauta ba ne, ga kuma kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO da yake tsayar da ɗalibi a bakin ƙofar kammalawa. Matasa 20 da suke adashi za su iya ware kwasa ɗaya domin wannan. A lokacin godiyar kaka ana iya cire buhu biyu ko uku na masara ko dawa kafin a yi gwanjon sauran, kamar yadda Littafin Firistoci sura 19 ya umarci mai gona ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci da baƙo. Mai ɗinki a cikinku ya ɗinka inifom biyu, malami ya ba da sa'a guda da yamma yana koyar da duk wanda ya zo, ba tare da tambayar lambar rajista ba. Ku kuma da kuka yi karatu da kuɗin wani bawan Allah da ba ku taɓa gani ba, har kuka zama malaman asibiti da ma'aikata, ku fara duba wanku ko yayarku da aka tsallake a shekarar da aka ɗauke ku, ku ga ina 'ya'yansu suke karatu yau.

Idan za ku bayar, ku kai kuɗin makarantar da kanku ku karɓi rasit, kada ku kira yaron gaban majami'a a tafa muku, kada ku sa hotonsa a Facebook da kwanon abinci a hannu. Wajen tsara wanda za a fara da shi kuma, ku sa yarinyar da ake shirin cirewa daga aji a aurar da ita da yaro mai naƙasa a sahun gaba, domin ta farkon lokacinta yana ƙurewa cikin watanni, na biyun kuma ba zai taɓa zuwa da ƙafarsa ya tambaye ku ba.