Fulvio Bernardini da mudun da muke auna koci da shi

Idan gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallo kan wane koci ne gwani, kofuna kawai ake ƙirgawa. Ni kuwa tambayata ita ce: a wace ƙungiya ya ci su? Da wannan mudun nake sa Fulvio Bernardini, ɗan birnin Rum da aka haifa a 1905, a sahun gaba na kociyoyin Italiya.

A Lazio ya fara, mai tsaron raga, kafin ya koma tsakiyar fili. Ya ratsa ta Inter, sannan ya zauna a Roma daga 1928 zuwa 1939. Yana cikin tawagar Italiya da ta ci tagulla a gasar Olamfik ta 1928, amma kocin tawagar, Vittorio Pozzo, ya ajiye shi a gasar duniya ta 1934, wadda Italiya ta ci a gida. Wannan ajiyewar tana min ciwo, domin ba rashin iyawa ya jawo ta ba.

A aikin koci ya fanshe. Kofin Serie A ya saba zama a hannun attajiran Milan da Turin, sai ga Bernardini ya kai shi Fiorentina a 1956, karon farko a tarihinta, wasa ɗaya tak aka doke su, shi ma na ƙarshe. A 1958 ya ciwo wa Lazio kofin Italiya.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne Bologna a 1964, lokacin da yake kocinta. An zarge su da shan ƙwayoyin ƙara kuzari, aka cire musu maki, daga baya aka wanke su aka mayar. Suka yi kankankan a maki a saman teburin Serie A da Inter ta koci Helenio Herrera, wadda ta ɗauko kofin Turai kwanaki kaɗan kafin nan. Ana gab da wasan raba gardama, shugaban Bologna, Renato Dall'Ara, ya mutu. Da wannan makokin suka shiga fili a Rum ranar 7 ga Yuni, suka ci 2-0.

Za a ce ai da aka ba shi tawagar ƙasa a 1974 bai kai ta gasar Turai ta 1976 ba. Haka ne. Sai dai tsofaffin 'yan wasa ya gada, ya shiga gwada yara, ciki har da Giancarlo Antognoni, wanda yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin duniya a 1982. Bologna kuwa, tun daga wancan Yunin ba ta sake ɗaga kofin Serie A ba.