Farfaɗowar Arsenal: Wane kaso na yabon ya kamata a bai wa Edu?

Lokacin da Edu Gaspar ya ajiye muƙaminsa na daraktan wasanni na Arsenal a watan Nuwamban 2024, kan magoya bayan ƙungiyar ya rabu gida biyu. Wasu na cewa shi ne ya tsamo Arsenal daga halin da ta shiga, wasu kuma na cewa aikinsa bai wuce sanya hannu a takardun 'yan wasan da koci Mikel Arteta ya nuna ba. A ganina Edu ya cancanci yabo mai kauri, sai dai ana yawan yaba masa a kan abin da ba shi ya yi ba, ana kuma mantawa da wanda ya yi.

Babu mai musun cewa ƙungiyar ta sauya. Edu ya zo a Yulin 2019 a matsayin daraktan tsare-tsare, makonni kaɗan bayan Chelsea ta doke Arsenal 4-1 a wasan ƙarshe na gasar Europa a birnin Baku. Kaka biyu a jere ƙungiyar tana ƙarewa ta 8 a gasar Firimiya, har ta kai ga rasa shiga kowace gasar Turai a kakar 2021/22. Daga nan ta hau ta 5, sannan ta 2 da maki 84, sannan ta 2 da maki 89, maki biyu kacal a bayan Manchester City. Abin tambaya shi ne hannun wa ya fi nauyi a wannan tafiya.

Duk wanda ya ce Edu ne ya haƙo ginshiƙan ƙungiyar bai duba kwanakin da kyau ba. Bukayo Saka ɗan makarantar horar da matasan Arsenal ta Hale End ne, kuma ya fara buga wa babbar ƙungiya wasa tun 2018 a ƙarƙashin koci Unai Emery. An sanar da sayen Gabriel Martinelli daga ƙaramar ƙungiyar Ituano ta Brazil kwanaki kaɗan kafin a naɗa Edu, shi kuwa William Saliba an kammala cinikinsa daga Saint-Etienne a lokacin da Raul Sanllehi ne ke riƙe da ragamar harkokin ƙwallo. Adalci ya sa a faɗi cewa fam miliyan 72 da aka zuba a kan Nicolas Pepe a wannan bazarar ma ba a wuyan Edu suke ba. Ikonsa na gaskiya ya soma ne bayan tafiyar Sanllehi a Agustan 2020, kuma daga nan ya kamata a fara yi masa hisabi.

Babban aikin Edu shi ne wanda ba a yi masa tafi a filin wasa, wato sallamar mutane. A farkon 2021 aka soke kwantiragin Mesut Ozil ya tafi Fenerbahce, aka rabu da Sokratis da Shkodran Mustafi, daga baya Willian da Sead Kolasinac suka bi sahu, sannan a farkon 2022 Pierre-Emerick Aubameyang, wanda aka ƙwace wa kambun kyaftin saboda saɓa doka, ya koma Barcelona ba tare da Arsenal ta karɓi ko sisi ba. Mai gidan haya ba ya jin daɗin biyan ɗan haya kuɗi don ya kwashe kayansa, amma abin da Edu ya shawo kan iyalan Kroenke, masu ƙungiyar, suka yarda su yi ke nan, ba sau ɗaya ba. Koci yana iya cire ɗan wasa daga jerin masu bugawa, sai dai ba shi da ikon cire sunansa daga jerin masu karɓar albashi, kuma muddin babban tauraro yana zaune a benci yana karɓar kuɗi mafi tsoka, ɗakin sauya kaya ba zai natsu ba. Ko a nan ma akwai abin lura, domin a zamanin Edu ne aka bai wa Willian kwantiragin shekara uku yana da shekara 32, a zamaninsa kuma aka sabunta na Aubameyang, saboda haka wani ɓangare na sharar da ya yi, dattin hannunsa ne.

Abu na biyu shi ne tsayawar da ya yi a bayan Arteta lokacin da kusan kowa ya juya masa baya. A Disamban 2020 Arsenal tana ta 15 da maki 14 a wasa 14. A Agustan 2021 ta sha kashi a hannun Brentford da Chelsea, Manchester City ta zura mata biyar ba ko ɗaya, ta kwana a ƙasan teburi ba maki ba ƙwallo. A wancan lokaci ne Edu ya fito gaban 'yan jarida ya kare tsarin da aka bi a kasuwar wannan bazara, inda aka sayi 'yan wasa shida kuma babu wanda ya haura shekara 23 a cikinsu, ciki har da Martin Odegaard da Ben White da Aaron Ramsdale. Hukuncin ƙarshe na barin koci ko korarsa na masu ƙungiya ne, amma masu ƙungiyar da ke zaune a Amurka da kunnen wanda ke Landan suke ji, kuma da Edu ya nemi tsira da kansa ta hanyar ɗora laifin a kan Arteta, ba na jin kocin zai ga ƙarshen wannan shekara.

Da aka zo kan abin da ke faruwa a cikin fili kuwa, hannun Arteta ya rinjaya. Gabriel Jesus da Oleksandr Zinchenko tsofaffin 'yan wasansa ne tun yana mataimakin koci Pep Guardiola a Manchester City. Shi ya mayar da White mai tsaron baya na dama, shi ya matsar da Granit Xhaka gaba har ya zama wani ɗan wasa daban, a ƙarƙashinsa kuma mataimakinsa Nicolas Jover ya mayar da bugun kwana makami. Declan Rice kuwa kuɗi ne suka kawo shi, fam miliyan 105 da masu ƙungiya suka amince a kashe. Har sa'a tana da nata rabo. A Janairun 2023 Arsenal ta yi ta zawarcin Mykhailo Mudryk har Chelsea ta yi mata shigar sauri, dole ta koma kan Leandro Trossard a kan kuɗin da bai kai rabin na Mudryk ba, shi kuma ya yi mata amfani sosai. Edu ya cancanci yabo a kan saurin samo madadi, amma wanda ya fara nema shi ne wanda bai yi abin kirki a Chelsea ba.

Inda na fi ganin gazawarsa shi ne sayarwa. Michael Edwards, daraktan wasanni na Liverpool a lokacin, ya sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona a Janairun 2018 a kan kuɗin da suka haura fam miliyan 100, kuɗin da suka taimaka wajen biyan Virgil van Dijk da Alisson. A tsawon zaman Edu babu ɗan wasa ko ɗaya da Arsenal ta sayar a kan fam miliyan 40, wanda hakan ke nufin aljihun masu ƙungiya ne ya ɗauki nauyin ginin. Sannan ga batun ɗan wasan gaba. An bar Aubameyang ya tafi a tsakiyar kaka ba a kawo kowa a gurbinsa ba, kuma a ƙarshen wannan kakar Tottenham ta ƙwace gurbin gasar Zakarun Turai da tazarar maki biyu.

Saboda haka ni Arteta nake sakawa a gaba, Edu ya biyo baya a matsayin wanda ya share masa fili ya kuma tsare masa baya, tare da masu ƙungiya da suka saki kuɗi. Masu son a ɗaga Edu sama da haka sai su amsa tambayar kofi. In aka ajiye Community Shield na 2020 da 2023 a gefe, babban kofi ɗaya Arsenal ta ɗauka a zamaninsa, wato na FA a Agustan 2020, kuma tsohuwar tawagar da ya zo ya wargaza ce ta ci shi, Aubameyang ne ma ya zura duka ƙwallaye biyun a ragar Chelsea.