Gindin mudunka, ɗan'uwa

Jiya da la'asar na tsaya awon gero, wata tsohuwa na gabana da kuɗinta ƙulle a bakin zani. Mai awon ya ɗauko mudun da aka buge masa gindi ya auna mata uku. Na gani da idona, na yi shiru. Wallahi shirun nan ya hana ni barci.

Da ta tafi na yi masa magana a hankali, sai ya ce: "Malam, kasuwa daban, wa'azi daban."

Wa ya raba su? Annabi Shu'aibu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kan awo da sikeli ya yi ta gargaɗin mutanen Madyana. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, cikin littafinsa Ihya'u ya kawo labarin Yunusa ɗan Ubaidu, mai sayar da tufafi. Ya tafi salla ya bar ɗan ɗan'uwansa a shago, yaron ya sayar wa wani baƙauye tufa ta dirhami 200 a kan 400. Mutumin ya ce shi ya yarda. Yunusa bai yarda ba, sai da ya dawo da shi ya mayar masa da 200 ɗinsa. Baƙauyen ya yarda fa, 'yan'uwa! Mu kuwa da an ce "na saya" shi ke nan.

Masu fakewa da boko su ma su ji. Adam Smith da ake kira uban ilimin tattalin arziki, malamin ilimin ɗabi'a ne a Jami'ar Glasgow. Littafinsa kan halayya da tausayi ya fito a 1759, shekara 17 kafin na dukiyar ƙasashe na 1776. Daga tambayar halal da zalunci ilimin ciniki ya tsiro, a wajensu da wajenmu.

Mai jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai tsarma madara da ruwa. Mai ɓoye buhunan masara a sito yana jiran azumi, maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Kuna sahun gaba a masallaci, na sani, ina kuma ƙaunarku don Allah, shi ya sa nake faɗa.

Don girman Allah, kafin ka buɗe rumfa gobe, juya mudunka ka duba gindinsa. Ni ma zan koma wajen mai geron, Allah Ya sa in tarar da tsohuwar nan.