Farar Riga Ba Ita Ce Ƙarshen Tafiya Ba

Ƙannena masu karatun likita, da ku da kuka gama kuna jiran takardar fita waje, ku ba ni aron kunnenku. Kwanaki na zauna da wasunku a wajen wani ɗaurin aure, hira ta yi hira, sai na lura duk maganar ba ta wuce abu biyu ba: wace ƙasa ce ta fi biyan albashi, kuma wace jarrabawa ce ta fi sauƙin tsallakewa. Ban ga laifinku ba, wanda ya kwana a ɗakin haihuwa yana aiki da fitilar waya ya san abin da ya gani. Amma tun da na dawo gida labarin wani mutum yake ta yi mini yawo a rai.

Sunansa Dakta Louis Sullivan, baƙar fata ɗan Amurka. An haife shi a Atlanta a 1933, ya tashi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Blakely a jihar Jojiya, a zamanin da doka ta raba fari da baƙi hatta a makaranta da asibiti. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce. Mahaifinsa kuwa sana'arsa shirya gawa da jana'iza, kuma motarsa ita ce motar ɗaukar marasa lafiya ga baƙaƙen yankin. Idan ciwo ya yi tsanani sai a ɗauki mutum a yi tafiyar kusan mil 40 zuwa Bainbridge, wurin Dakta Joseph Griffin, likita baƙar fata da ya buɗe asibitinsa a can. Wata rana uban ya tafi da yaron, yana ɗan shekara biyar. Ya ga mutum mai fata irin tasa ana kiransa likita, ana kawo masa mutum ranga-ranga ya tashe shi. Tun daga ranar ya ce shi ma abin da zai zama ke nan.

Ku riƙe wannan, domin duk sauran rayuwarsa a kansa ta ginu.

Karatunsa ba sai na ja shi ba. Ya gama Kwalejin Morehouse a 1954, ya tafi Jami'ar Boston, inda shi kaɗai ne baƙi a ajinsu, ya fito likita a 1958. Ya ƙware a cututtukan jini, ya yi bincike a kan sinadarin bitamin B12 da yadda giya ke ɓata jini, har ya zama farfesa a Boston ɗin. Da irinmu ne, nan za a miƙe ƙafa: ga suna, ga albashi, ga ɗakin bincike.

A 1975 sai tsohuwar makarantarsa ta kira shi ya dawo Atlanta ya kafa sashen koyar da likitanci. Babu gini nasu na kansu, babu ɗalibai, kuɗin ma sai an nemo. Ya bar kujerarsa ya koma. Dalilinsa a fili yake. Bayan rahoton Flexner na 1910, wanda ya tantance makarantun likitanci na Amurka, an rufe biyar daga cikin makarantun likitanci bakwai na baƙaƙen fata, aka bar Howard da Meharry kawai, shi ya sa garuruwa irin su Blakely suka daɗe babu likitan da za su kira nasu. A 1978 aka ɗauki ɗaliban farko, su 24, a kan shirin shekara biyu. A 1981 sashen ya zama Makarantar Likitanci ta Morehouse mai tsaye da ƙafarta, shi ne shugabanta na farko, a 1985 kuma ta yaye likitocinta na farko. Shekara goma ke nan daga dawowarsa. Goman nan ba a ɗakin tiyata ya yi su ba, a ƙofar 'yan majalisa da masu hannu da shuni ya yi su yana neman tallafi, aikin da yawancinku za ku ce ya fi ƙarfin girmanku. Sannu ba ta hana zuwa, amma sai an yarda a taka ƙasa.

A 1989 Shugaba George Bush babba ya naɗa shi sakataren lafiya na ƙasa, wato ministan lafiya a tsarinmu. Nan ne nake so ku dubi yadda ake riƙe muƙami. A farkon 1990 kamfanin R.J. Reynolds ya shirya fitar da wata taba mai suna Uptown, wadda aka tsara musamman don baƙaƙen fata, za a fara gwada ta a kasuwar Philadelphia. Sullivan ya je birnin, ya tsaya a bainar jama'a ya ambaci sunan kamfanin da na tabar, ya yi tir da su. Jama'ar gari dama sun riga sun tashi tsaye. Washegari kamfanin ya janye shirin. Minista mai ci ya kira sunan babban kamfani ya soke shi, abu ne da ba a saba gani ba, kuma ya san ba zai ƙara masa masoya a cikin manya ba.

A zamaninsa aka kawo takardar nan ta bayanin sinadaran abinci da kuke gani a jikin gwangwani da kwalin kayan Amurka. A zamaninsa kuma mace ta fara shugabantar babbar cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, Bernadine Healy, a 1991. Ba kuma ina cewa kowa ya yaba masa ba. A taron ƙanjamau na duniya da aka yi a San Francisco a 1990, masu zanga-zanga sun cika zauren da ihu da busa don fushinsu da manufofin gwamnatin da yake wa aiki, har ba a jin muryarsa. Ya tsaya ya karanta jawabinsa har ƙarshe. A ganina suna da hujjar yin fushi, shi ma ya kyauta da bai gudu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne 1993. Gwamnati ta sauka, bai tsaya yana leƙen wata kujerar ba, ya koma ofishinsa na Morehouse ya ci gaba da shugabanci har 2002. Mu a nan wanda ya ɗanɗana muƙami da wuya ya sake shiga aji, sai ka ga kamar alli zai ƙona masa hannu.

To ƙannena, ban ce kada ku fita ba. Shi ma ya yi shekara kusan ashirin a arewacin ƙasarsu yana tara ilimi. Ku je ku koyo. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku ɓace. Kai da ke hutu a garinku, ka shiga tsohuwar firamarenku da abin awon ƙirjinka a wuya, ka bar yara su saurari bugun zuciyarsu. Ke da iyayen wata yarinya ke shakkar barinta ta yi karatun likita, ki je gidan da kanki ki gaishe su. Idan aka kira ku kwamitin asibitin unguwa ko wa'azin gwajin jini kafin aure saboda sikila, kada ku ce ba ku da lokaci.

Shi dai Sullivan bayan ya ajiye shugabanci bai huta ba. Ya jagoranci wani kwamiti da ya fitar da rahoto a 2004, ya nuna cewa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da Indiyawan Amurka, wato 'yan asalin ƙasar na farko, sun haura kashi 25 cikin ɗari na jama'ar Amurka, amma kashi 6 kacal ne na likitocinta. Yana da shekara 70 a lokacin, yana nan yana ƙirga yaran da ba su taɓa ganin nasu Dakta Griffin ba.