Masu ƙunshe laburare a Debian ba su ne matsalar ba

Kwanakin baya wani ƙanena da ke koyon Python, wani harshen rubuta manhaja, ya turo mini hoton fuskar kwamfutarsa da tsakar dare, ransa a ɓace. Ya sa Debian 12, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a tsohuwar kwamfutarsa, ya buga umarnin pip install zai sauko da wani laburare, sai kwamfutar ta ƙi, ta jero masa jawabi mai taken externally-managed-environment. Ya ce, "Yaya, kwamfutar nan tawa ce ko tasu?" Na ce tasa ce, amma Python ɗin da ke cikinta ba shi kaɗai ke ci da shi ba. Wasu kayan aikin Debian ɗin kanta da shi suke tafiya, in ya ɗora sabon laburare a kan wanda suka saba da shi, yana iya wayar gari wani abu ya tsaya. Akwai hanyar tsallake gargaɗin, amma sunan da aka raɗa mata ya isa wa'azi: --break-system-packages, wato "na yarda in fasa kayan gidan".

Laburare a wajen masu rubuta manhaja shi ne guntun aikin da wani ya riga ya yi, kai kuma ka ɗauka ka jona a naka. Kowane harshe da kasuwarsa: Python na da PyPI, JavaScript na da npm, Rust na da crates.io. Kowa na iya kai haja, kowa na iya ɗauka, cikin ƙiftawar ido. Debian kuwa, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ba ta karɓar abu a dafe. Sai wani ɗan sa-kai ya ɗauko rubutun asali, ya duba lasisinsa, ya shirya shi yadda injinan Debian za su gina shi ba tare da sun leƙa intanet ba, kuma a kan nau'o'in kwamfuta daban-daban. Sannan ƙa'idar gidan ita ce a ajiye laburare guda ɗaya kowa ya yi amfani da shi, kada kowace manhaja ta zo da nata kwafin a aljihu. Duk wadda ta taɓa ƙin sayen daƙaƙƙen barkono a kasuwa, ta sayi ɗanye ta kai inji da kanta, ta san dalilin.

Aiki ne mai cin rai, babu musu. Ƙaramar manhaja ɗaya ta Rust tana iya jawo laburare fiye da ɗari, kowanne kuma sai an ƙunshe shi daban, wato an yi masa wancan shirin. Masu wannan aiki a Debian har kayan aiki suka ƙera, debcargo, don ya rage musu wahala, duk da haka sabon ƙunshi sai ya bi layin tantancewa kafin ya shiga. Shi ya sa masu rubuta manhaja da yawa ke kallon su a matsayin masu jan ƙafa.

Ni dai ina bayansu, kuma tarihi ne ya sa. A Afrilun 2014 da aka gano ɓarakar tsaro ta Heartbleed a OpenSSL, laburaren da ke ɓoye sirrin saƙonni a intanet, mai Debian ya sabunta ƙunshi ɗaya, ya sake tayar da manhajojin da ke dogara da shi, ya samu barci. A Disambar 2021 da ta wani laburare mai suna Log4j ta fashe, kamfanoni sun shafe makonni suna tonon rumbunansu, domin an cusa laburaren cikin manhaja, ita ma an cusa ta cikin wata, har masu abin ba su san suna ɗauke da shi ba. Kafin nan, a Maris 2016, wani ya janye laburarensa left-pad daga npm, rubutu ne mai layi 11 kacal, sai ga manyan manhajojin da suka dogara da shi irin su Babel sun kasa ginuwa. Wanda ke da cikakken rumbun Debian a hannu bai san ana yi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da sabis ke ɗaukewa, data kuma ke tsada.

Amma masu ƙorafi ma suna da bakin magana, kuma a nan gizo ke saƙa. Mai manhaja ya gwada aikinsa da takamaimiyar sigar laburare, sai Debian ta gina shi da wadda take da ita a rumbu, ko tsohuwa ko sabuwa. In abu ya lalace, shi ake kai wa kuka. Rikicin bcachefs-tools, kayan aikin tsara ajiya a faifan kwamfuta, ke nan: marubucinsa ya dage sai a yi amfani da laburaren Rust da ya haɗo da su, ƙa'idar Debian ta ce a'a, har Jonathan Carter, ɗan Afirka ta Kudu kuma tsohon shugaban Debian, ya sauke nauyin ƙunshin a Agustan 2024. Manhajar da ke taɓa faifan da mutum ya ajiye duk abin da ya mallaka, ba a yi mata "ai duk ɗaya ne". A wannan na fahimci marubucin, ko da ban bi shi har ƙarshe ba.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci. Harsunan Rust da Go suna narkar da laburare cikin manhajar ne tun lokacin gini, don haka gyara laburare ɗaya bai wadatar ba, sai an sake gina duk wanda ya taɓa shi. Debian da kanta ta rubuta a bayanan fitowar Debian 12 cewa kulawar tsaron da take ba irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe taƙaitacciya ce. To amma ko a haka, sanin wa da wa ke ɗauke da laburaren rabin magani ne, kuma ƙunshi ɗaya ne ke ba da wannan lissafi.

Gini daga tushe ma ba laya ba ne. A Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara kusan rabin daƙiƙa a sigar gwaji ta Debian, ya bi diddigi, ya tarar da ƙofar ɓarayi a xz, manhajar matse fayil, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Guntun da ke kunna ta yana cikin fayil ɗin da masu xz suka fitar don saukewa, babu shi a rumbun da jama'a ke dubawa, kuma masu ƙunshi sun gina shi da hannunsu ba su gani ba. An kai barkono inji, ashe tun a buhu aka yi algus. Abin da ya cece mu shi ne jan ƙafar nan da ake zagi: bai kai ga Debian ta yau da kullum ba.

Don haka ban ga dalilin rushe ƙa'idar ba, sai dai a yi mata sassauci da ido buɗe. Manya irin su Chromium, manhajar yawo a intanet, an daɗe ana ƙyale su da wasu kayansu a ciki, a rubuta me suka ɗauko. Abin da ke da iko da dukan kwamfuta ko yake sauraron intanet kuwa, ya bi layi. Kamfanonin da ke cin riba a kan gumin 'yan sa-kan nan su ba da ma'aikata da injinan gini.

Ƙanen nawa dai na ce ya buɗe wa aikinsa keɓaɓɓen wuri da venv, kayan aikin Python da ke yin haka, ya zuba duk abin da yake so daga PyPI a can. Wanda yake son ya zauna a kwamfutar gaba ɗaya kuma, ya nemo shi da apt, umarnin sauko da ƙunshe-ƙunshen Debian, sunayensu da python3- suke farawa.